Tarwadar Mai Jego

Ƙarfe goma da kwata na safe, ni da ƙanina Sabi'u muna layin masu kifi a bakin ruwan Tiga, kusa da tsofaffin ɗakunan 'yan yawon shaƙatawa. Matata ta haihu, ba abin da take so sai farfesun tarwada.

Na zaga rumfunan cikin sauri har na zaɓi wata ƙatuwa mai rai. Mai kifin ya ɗauko sanda zai buga mata a ka.

Na ce, "Dakata. Da ranta zan kai ta Kura."

Ya ce, "Alhaji, wannan ba ta zama a bokiti."

"Ni manomin rani ne, malam. Ba kai za ka koya min ruwa ba."

Muka hau babur. Tsarina a fili yake: na farko tafiya, na biyu a tsaya a kanal, wato magudanar ruwan noman rani, a sauya mata ruwa, na uku gida. Na farkon ya tafi daidai. A na biyun ina karkata bokitin ta yi wani juyi, ta mare ni da jela, ta bi ruwa.

Sabi'u ya ce, "Yaya, ashe rakiya muka yi mata."

Da muka isa gida, surukata ta leƙa bokitin ta ce, "Sannu da ɗebo ruwa."

Har yau duk wanda ya kama kifi a kanal sai ya biyo ta ƙofata yana tambaya, "Ko taka ce?"

Don Allah, in ka kama ta, ka ci abarka. Kada ka kawo min.