Rasuwar Tsohuwa Mai Sauraron Kankare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai ɗauke da 'yar kunya, Injiniya da iyalansa suna sanar da 'yan uwa, abokan aiki da duk masu harkar gini rasuwar na'urarsa ta gwajin kankare, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a falon gidansa, bayan shekara goma sha tara a bakin aiki.

Ga waɗanda ba su yi zamani da ita ba, marigayiya 'yar akwati ce ruwan toka, mai wayoyi biyu, kowace da dunƙulen ƙarfe a bakinta, waɗanda Injiniya yake kira kunnuwa. Yakan shafa musu giris, ya manna ɗaya a wannan gefen ginshiƙi, ɗaya a wancan. Sai ta tura sauti ya ratsa kankaren, tana auna lokacin da zai ɗauka kafin ya fita. In kankaren a cike yake, sautin ya wuce da sauri. In akwai rami ko tsaga, sai ya yi zagaye ya makara, ita kuma ta rubuta makarar a fuskarta. Ba ta taɓa fasa bango don ta san cikinsa ba. Duk maganarta a duniya ita ce "ƙit-ƙit-ƙit", amma an sha ganin ƙato da babbar riga yana share gumi saboda ita.

Ta kasance mai haƙuri da rana da ƙura. Ba a toshe mata baki, ba ta kuma san ɗan wane ba. Abokan aiki ba za su manta da ginin wani asibitin haihuwa ba, inda ɗan kwangila ya shafe ginshiƙai sumul, ya yi musu fenti, ya rantse cewa ko tanka ba za ta ture su ba. Tsohuwa ta saurari ginshiƙi na huɗu ta ce a'a. Injiniya ya ƙi sa hannu, aka daina kiransa aiki wata bakwai. Da aka fasa ginshiƙin daga baya, sai aka tarar da buhun siminti a cukuikuye da ramin da hannu zai shige har gwiwa. Tun daga ranar yake ba ta kujerar gaba a mota, har da ɗaura mata bel.

Rashin lafiyarta ta fara ne shekara biyu da suka wuce. Batirinta ya daina kai azahar. Lamba ɗaya a fuskarta ta dusashe, sai an karkata kai ake bambanta takwas da uku. Wayar hagu ta sha ɗauri har ta fi ta dama kauri. Duk da haka ba ta taɓa kwana biyu a kwance ba.

Wajibi ne a faɗi yadda ajali ya zo, tunda marigayiya ba ta son rufa-rufa. An ce wanzami ba ya son jarfa. A shekarun nan duka, Injiniya ya gwada gadoji da makarantu da tankunan ruwa, amma bai taɓa manna kunnuwanta a gidansa ba. Yayansa, wanda magini ne kuma shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya zuba kankaren rufin da hannunsa. A ganin Injiniya, gwada rufin nan daidai yake da ce wa Yaya maƙaryaci.

Uwargida ce ta fara ganin tsagar, a jikin bim, wato kankaren da ke kwance yana ɗauke da rufin falo. Wata uku tana magana, yana ce mata fenti ne ya dare. Da 'yarsu ta zo hutu da jikoki biyu, waɗanda suka mai da falon filin wasa, sai uwargida ta ɗauko akwatin da kanta ta dire a gabansa.

"Kai na gaji da jin ta bakinka, Malam," in ji ta. "Ita a tambaye ta."

Ya hau tsani ya manna kunnuwa. Tsohuwa ta ce "ƙit-ƙit-ƙit", ta rubuta lambar da bai taɓa ganin irinta ba tun asibitin haihuwa. Ya goge, ya ƙara giris, ya sake. Ta maimaita. Ya gwada ta a sandar ƙarfen da ake tabbatar da lafiyarta da ita, ta ba da lamba daidai ba kuskure. A nan ne Injiniya ya furta kalmar da yake roƙon kada a tuna masa da ita a wajen gaisuwa. Ya ce tsufa ya kama ta, ta fara ruɗewa. Ya ajiye ta a kan teburin falo, daidai ƙarƙashin bim ɗin, da niyyar kai ta wurin mai gyara.

Uwargida ba ta karanta aikin gini ba, amma ta karanta fuskar mijinta a kan tsani. A yammacin nan ta kwashe 'yarta da jikoki ta kai su gidan ƙanwarta, ta dawo ta kulle falo ta ɗaure makullin a bakin zani. Injiniya ya yi faɗa, ya ƙi cin abinci.

Washegari da hantsi, yana tsakar gida yana shan shayi, aka ji ƙara kamar mota ta daki katanga. Da aka buɗe ƙofa, rabin bim ɗin yana kan teburi, da wajen da jikoki suke shimfiɗa tabarmarsu. Injiniya ya tono Tsohuwa daga ƙarƙashin ɓaraguzai da hannunsa. Ya danna makunninta sau uku, ba ta ce komai ba. Waɗanda ke wurin sun ce ya zauna a kan ɓaraguzai ya daɗe, sannan ya ce wa matarsa: "Ta gaya mini."

Ta rasu ta bar kunne ɗaya da rai, da sandar gwaji, da caja, da rabin gwangwanin giris, da wata 'yar guduma da suka yi aiki tare tun farko. Ta kuma bar jikoki biyu da ba su san abin da ta yi musu ba. Yaya ya zo gaisuwa tun ranar, ya tsaya a bakin falo ya ƙura wa rodin bim ɗin da ya yi tsatsa ido.

Za a sanya ta a akwatinta na asali ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a kai ta makwancinta a saman kabad ɗin ofis. Iyali sun gode wa masu tallar sababbin na'urori, amma suna roƙon su dakata tukuna. Za a karɓi gaisuwa a gidan Injiniya, a tsakar gida, a fili. Ana roƙon masu zuwa su taho da lema, kuma kada kowa ya raɓi inuwar gini, domin wadda za ta ce mana wane rufi ne lafiyayye ita ce muke makokinta.