Sarkin Alluna na Garin Plinzenau

Duk mai cewa ƙaramin gari ba ya haifar babban mutum bai taɓa tsayawa a dandalin Plinzenau da ƙarfe tara na safe ba, lokacin da Herr, wato Malam, Ottmar Zwirbel yake fitowa duba garinsa. Koriyar hula mai gashin tsuntsu a ka. Gashin baki a murɗe kamar ƙahon rago. Sukurdireba a aljihun gaba, inda ƙananan mutane suke soke biro. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga hatimi a gidan waya. Da ya yi ritaya sai ya duba gabas da yamma, ya ga babu wanda ya cancanci shugabancin Ƙungiyar Yawon Buɗe Ido ta Plinzenau sai shi. Aka kuma yi dace, domin shi ya kafa ta. Mambobinta bakwai. Biyu sun rasu, amma bai cire sunansu ba, tunda ba su sanar da shi a rubuce ba.

A bayan idonsa Sarkin Alluna muke ce masa, kuma ya ci sunan. Kafin zamaninsa benci benci ne kawai, mutum ya zo ya zauna cikin jahilci. Yanzu kowane benci yana da allo mai bayyana cewa benci ne, da shekarar da aka girka shi, da yawan mutanen da aka yarda su zauna a kai. A bakin rafi akwai allon da ya hana ciyar da agwagi. Kusa da shi akwai wani da ya hana jingina da na farkon.

Allo ɗaya ne ya gagare shi, shi ne kuma ya tsaya masa a rai: allon nan mai launin ƙasa da hukuma take kafawa a gefen babbar hanya, mai zanen abin kallon gari da sunansa, don matafiya su ratse. Rabstedt, garin da ke bayan tudunmu, tafiyar kilomita shida, sun samu nasu shekara goma sha tara da suka wuce, da zanen tsohuwar fadarsu ta kan dutse. Herr Zwirbel ya rubuta takardar nema sau goma sha huɗu. Ba ya ma furta sunan Rabstedt. "Waɗancan" yake cewa, yana nuna arewa da haɓa.

A karo na goma sha biyar ofishin hukumar ya gaji, ya ce a tura wani ya gani da ido. Ni aka tura. Sunana Frauke Pfister, a bakin aiki Frau Pfister, wato Malama Pfister, wata huɗu da gama jami'a, sati uku da kama aiki. Shugabata ta ce tunda a Plinzenau aka haife ni, ba zan ɓata a hanya ba. Abin da na rubuta a rahoto shi za a bi: ko allo, ko babu allo har abada. Mahaifiyata ta buga mini waya sau uku a sati guda, magana ɗaya take maimaitawa.

"Frauke, ke kina da birnin da za ki koma. Ni a garin nan zan ci gaba da sayen burodi."

Ranar Laraba na iso.

Ya tarbe ni a dandali, ya sha gahawa kofi uku a tsaye yana jawabi. Masu sauraro ni ce da tattabaru.

"Frau Pfister! Jiya-jiya kike zuwa sayen kan sarki da majina a hanci, yau ga ki wakiliyar hukuma. Kina iya ce mini Shugaba. Duniya tana da manyan birane, ban raina su ba, sun yi iya ƙoƙarinsu. Amma nuna mini birni ɗaya da baƙo zai gama ganinsa kaf kafin abincin rana, kuma bai taka ciyawar kowa ba!"

Abin kallo na farko dutse ne. Wani mashahurin mawaƙi, in ji allon, ya biyo ta nan shekaru ɗari biyu da suka wuce, ya dubi dutsen, ya yi niyyar zama, sai ya fasa. Na tambayi sunan mawaƙin. Herr Zwirbel ya ce bincike bai kai nan ba, amma fasawar ta tabbata.

Na biyu rijiya ce da ba ta taɓa yin ruwa ba. "Mafi bushewa a duk lardin," ya ce, hannu a ƙirji.

Na uku gidan tarihi. A rufe yake, domin Laraba ranar hutunsa ce. Makulli yana aljihun Shugaba, na ji ƙararsa, amma ya ce doka ba ta san aljihu ba. Muka leƙa ta taga. Na hango dutsen guga biyu da hoton Herr Zwirbel yana buɗe gidan tarihin.

Takardata babu komai a kai sai kwanan wata. Fuskar mahaifiyata a layin burodi kawai nake gani.

"Yanzu," ya ce, "sai kambin garin."

Hasumiyar hange ce ta katako a kan tudu, matakala ɗari da goma sha biyu, nesa kaɗan da gidaje. A ƙofa akwai akwati: kowane baƙo ya ajiye wayarsa, don ya kalli duniya da idon da aka halitta masa. Muka ajiye. Ni tun ina ƙarama nake tsoron bisa, amma ban samu damar jin tsoron ba, saboda kowace matakala ta goma tana da allo mai faɗa maka nawa ka hau, nawa suka rage, da gargaɗin kada ka tsaya karatu a kan matakala.

A sama na tarar da abin da ban taɓa gani a littafi ba. Manyan alluna huɗu, gabas, yamma, kudu, arewa, kowanne ya fi ni tsawo, sun rufe sararin ruf. A jikin kowanne an zana abin da ke bayansa, an sa lamba, an yi bayani.

"Da can mutane sukan hau su yi ta kallo ba su san me suke gani ba," in ji shi. "Na kawo ƙarshen wannan."

Allon arewa kore ne fatau. An rubuta kalma ɗaya: Daji.

Ina cikin neman inda zan sa idona sai ƙararrawar coci ta buga ɗaya. Daga can ƙasa muka ji ƙaras.

Herr Zwirbel ya ɗaga yatsa, fuskarsa cike da annuri. "Kin ji? Ko daƙiƙa bai ƙara ba. Ƙofa mai kulle kanta. Ni na zaɓo ta da..."

Bai ƙarasa ba. Gashin bakin ya sauko kaɗan.

"Shugaba, yaushe take buɗewa?"

"Laraba rabin yini ne. Alhamis hutu. Juma'a, ƙarfe goma."

Na kama katako, na cika ƙirji zan kurma ihu. Wuf ya tare gabana.

"Frau Pfister! Ƙarfe ɗaya ta wuce! Hutun rana!"

Gaskiyarsa ce. Daga ɗaya zuwa uku ba a yankan ciyawa, ba a buga ƙusa, ba a ɗaga murya. Ko'ina a ƙasarmu haka ake yi, amma a Plinzenau shi ya kai maganar majalisa har aka hana tari mai ƙarfi kusa da taga. Abin kunyar, na rufe bakina. A garin aka raine ni.

Wajen ɗaya da rabi muka hango matarsa, Frau Hildtraud, ta tsakanin katakon ƙasa, tana yawo da karensu. Shugaba ya kwanta rub da ciki, ya sa baki a tsaga, ya yi raɗa iya ƙarfinsa. Karen ne ya ji, ya ɗaga kai, ita ma ta ɗaga.

"Otti, me kake yi a can? Miya ta huce."

"A bakin aiki nake, ba a ce mini Otti. Ɗauko makullin hasumiya."

"Yana ofishin ƙungiya."

"To buɗe ofishin."

"Makullin ofis yana aljihunka, tsoho."

Na ce ya jefa mata. Ya juyo ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya nuna mini allo: An hana jefa kowane irin abu daga hasumiya.

"Frau Zwirbel," na yi raɗa, "don Allah ki kira 'yan kwana-kwana."

"Wa, shugabansu, ƙanena Gernot? Yana kishingiɗe, 'yar nan. In na tashe shi kafin uku, mijin nan nawa da kansa zai kai ƙararsa. Ki gaida mamanki." Ta ja karenta ta tafi.

Da a ce haka muka zauna har uku, da yanzu ina barcina lafiya. Amma kofi uku ɗin nan na safe suka fara neman hanyarsu. Babban mutum ya soma taku. Ya je gabas, ya dawo yamma. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana karanta allon da shi ya rubuta. Gumi ya tsattsafo ƙarƙashin hula. Ƙarfe biyu da minti biyar ya tambaye ni, cikin wata siririyar murya, ko a jami'a an koya mana wata dabara.

Na ce a saman fadar Rabstedt akwai madubin hange da baƙi suke layi a kai. In da za su gan mu, da sun kawo ɗauki.

"Waɗancan?"

"Su, Shugaba."

Ya jure minti huɗu cur, a rubuta masa wannan a tarihi. Sannan ya zaro sukurdireba, ya kwance allon arewa da hannunsa.

Iska ta bugo mu. Na manta da tsoron bisa. Kogi yana lanƙwasa kamar an zana shi, gonakin inabi sun gangaro tudu sahu-sahu, jajayen rufin gidaje, ga fadar a kan dutsenta rana ta haske ta. A garin nan na girma, ban taɓa sanin akwai wannan ba. Herr Zwirbel bai kalla ba. Ido a rufe yake kaɗa koriyar hularsa, ƙafafu a harɗe.

Minti ashirin 'yan kwana-kwanan Rabstedt suka iso, da jiniya, a tsakiyar hutun rana. Duk tagogin Plinzenau suka buɗe. Shugabansu, wani ƙato mai suna Bolle, ya hawo tsani, ya leƙo, ya juya, ya hango garinsu.

"Ottmar, ɗan banza! Shekara nawa kana ɓoye mana wannan? Ban taɓa ganin garinmu da kyau haka ba!"

"Tsani, Bolle."

"Tsaya in ɗauki hoto."

"Bolle. Tsani."

Ban ga saukar da ta kai tasa sauri ba. Ya ɓace bayan wata ƙaramar bishiya, dab da allon da ya hana ainihin abin da ya je yi.

Kwana huɗu na yi ina rubuta rahoto ina yagawa. A ƙarshe na rubuta gaskiya: Plinzenau tana da abin kallo guda ɗaya, kuma ya cancanci allo. Aka amince. Mahaifiyata ta ce ranar har ƙarin burodi aka yi mata. Ofis ya tura wa Shugaba samfurin zanen ta kwamfuta, bai buɗe ba, domin ba ya karɓar saƙon da babu hatimi.

Ranar buɗewa aka jingina allon a dandali, lulluɓe da farin ƙyalle, kafin a kai shi hanya. 'Yan badujala suka busa. Ya yi jawabin minti arba'in, ya gode wa kansa sau biyu, ya ce daga yau waɗancan za su san matsayinsu. Ya ja igiya.

Fadar Rabstedt ce, ɓaro-ɓaro, ta fi ta allonsu kyau. A ƙasa an rubuta: Plinzenau, wurin hangen fadar Rabstedt.

Mai ganga ne kaɗai bai lura ba, ya ci gaba da bugu shi ɗaya.

Ni har yau ba na shiga ɗaki sai na gwada ƙofar sau biyu. Amma burin Herr Zwirbel ya cika: motoci suna ratsowa. Sukan je hasumiya su tarar da ita a kulle, su dawo dandali su ga mutum mai koriyar hula wanda da gani ka san jami'i ne, su sauke gilashi su tambaye shi hanyar fadar. Sati biyu yana nunawa da haɓa, har wuyansa ya ƙage. Sai ya yi abin da ya iya. Ya kafa sabon allo a tsakiyar dandali, mai kibiya, ya rubuta da hannunsa: Rabstedt, kilomita shida.

Cikin alluna ɗari biyu da ya kafa a rayuwarsa, shi ne na farko da mutane suke karantawa har ƙarshe, kuma su bi abin da ya ce.