Tsarabar Gonar Inabi

A ofishin da nake aiki a unguwar Ma'adi akwai wani Bafaranshe, Musiyo Bernar, wanda ba shi da hira sai ta gonar inabin gidansu. Kakansa ne ya dasa ta a gangaren tudu, ƙasar duk tsakuwa, kuma wai tsakuwar ce sirrin ɗanɗanon. Ni da na tashi a gonar gero, har shawara na ba shi ya ƙara taki. Kallona kawai ya yi.

Da zai tafi hutu ya ce zai kawo mini mafi kyawun abin da gonar ta bayar. Na koma unguwarmu Madinat Nasr na sanar da ɗaliban gidanmu cewa za su ci inabin Faransa. Har Ustaz Habibu, mai karantar da mu fiƙihu, na gayyata.

Ranar da ya dawo ya miƙo mini wani akwatin katako, na kai gida na ajiye shi a tsakiyar tabarma, na yi gajeren jawabi a kan amfanin tsakuwa, na yi bisimilla, na buɗe. Doguwar kwalba ce kwance cikin ciyawa.

Isufu, ɗan Damagaram mai jin Faransanci, ya karanta rubutun jikinta, har da shekarar da aka yi ta.

"Giya ce, Malam. Mai tsada kuwa."

Ustaz ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ma'alish, ba komai. Amma jawabin ya yi ma'ana."

Washegari na mayar wa Bernar kayansa. Har yau, duk lokacin da na haɗa musu zoɓo, sai Isufu ya jujjuya kofin, ya shinshina irin na masana giya, ya tambaye ni na wace shekara ne.