Tunau da Makullin Sirri

A ƙauyen Gidan Barmo akwai wani mutum mai suna Tunau, yana zaune a gidan yayansa Isuhu da matar yayan, Kuluwa. Tunau ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Shi kuwa Isuhu sana'arsa saye da sayar da kuɗin intanet, wato kirifto, shi da abokinsa Mamuda na birni. Ta imel suke magana, kuma suna kulle saƙonninsu da wata manhaja don kada wani ya karanta.

Wata rana Isuhu zai tafi jana'iza, sai ya ce wa Tunau ya kulle saƙon da ke kan kwamfuta ya aika. Tunau ya sa kwamfutar a akwatin ƙarfen Kuluwa, ya datse da kwaɗo, ya ba direban motar kasuwa. Sai a tasha Isuhu ya cim ma akwatin, an ɗora masa buhun albasa.

Wata rana kuma Isuhu ya zaunar da shi ya yi masa bayani: manhajar makulli biyu gare ta, ɗaya na sirri, ɗaya na jama'a wanda ake ba kowa. Tunau ya gyaɗa kai. Washegari ya kai makullin gida wurin maƙeri aka yi masa kwafi, ya bi gari yana rabawa. Kuluwa ta dawo daga unguwa ta tarar da tsohuwar maƙwabciyarsu a madafa tana ɗumama tuwo.

Wata rana Isuhu ya ce saƙo ba ya fita sai an sa masa hannu, don a san daga wurinsu yake. Tunau yana cin wake da manja a lokacin. Ya miƙe ya manna tafinsa a fuskar kwamfutar, ya danna sosai don Mamuda ya gane.

Wata rana saƙo ya shigo da sunan Mamuda, wai za a rufe asusunsu na kirifto idan Isuhu bai turo makullin sirri na asusun maza ba. A daidai lokacin naƙuda ta kama Kuluwa. Isuhu ya ruɗe, bai tsaya duba sa hannu ba, ya liƙa makullin a cikin amsa, sai sabis ɗin intanet ya ɗauke kafin ya aika. Yana fita da matarsa ya ce, "Tunau, idan sabis ya dawo ka amsa masa."

Sabis ya dawo. Tunau ya gyara zama gaban kwamfuta, ya ce, "Na'am." Shiru. Ya ƙara ɗaga murya. Haka ya wuni.

Isuhu yana asibiti riƙe da jaririya Mamuda ya kira shi. Ya ce ɓarayi ne suka sace masa imel, kuma duk wanda ya tura makulli an kwashe masa komai. Isuhu ya hau babur ya nufi gida a guje, don dukan jarinsa na cikin asusun. Ya tarar da amsar tana nan ba a aika ba, Tunau na zaune muryarsa ta dushe.

"Ka amsa masa?" in ji Isuhu.

"Tun safe nake ce masa na'am, Yaya. Ko uffan bai ce ba. Mutumin nan ba shi da ladabi."

Isuhu ya goge saƙon, ya zauna a ƙasa, ya ce wa Kuluwa a waya ta sa a sayo wa Tunau tsire.