Yadda Si Bushaib Ya Toshe Rijiyar Gishiri

"Ni da kuke gani, ko bakin teku aka ce in toshe, a zuba mini shayi kawai. Kafin ya huce na gama!"

Si Bushaib ke nan, abokina, yana tsaye a kan bencin da muke cin abinci, burodi a hannu ɗaya, ɗayan yana nuna sama kamar mai huɗuba. Gajere ne mai tumbi, gashin bakinsa ya fi shi cika ido. Mu a wurin aiki Injiniyan Fatar Baki muke ce masa, shi kuwa rabin farko kawai kunnensa ke ji.

Aikinmu ba wani abin ɓoye ba ne. Can ƙarƙashin ƙafarmu dutsen gishiri ne, an rarake shi ya zama kogo, a nan ake tara iskar gas ɗin da rabin matan Maroko ke dafa tajin, dahuwar namansu ta tukunyar ƙasa, da ita. Rijiya ce mai faɗin baki ta sauka har kogon. In za a gyara kan rijiyar, sai a kwashe gas, a cika kogon da ruwan gishiri, sannan a zura toshi. Toshin nan ƙarfe ne kamar ganga, da ɗamarar roba a ƙugunsa. In aka murɗa shi daga sama, robar ta buɗe ta kama bango, ko ɗigo ba ya wucewa.

To, shugaban ma'aikatan rijiya ya yi ritaya. Manajarmu, Lalla Gizlan, ta aiko daga Kazablanka cewa za ta zo da kanta ta ga an sa sabon toshi a babbar rijiya, kuma wanda ya jagoranci aikin lafiya, kujerar tasa ce. Si Bushaib ya yi tsalle ya karɓe aikin. Kafin la'asar ya gaya wa matarsa ya zama shugaba, matar ta gaya wa uwarta, surukai suka ɗaure ragon walima a ƙofar gida.

Aka kawo toshin tare da gwangwanin maiƙon da ake shafa wa robar. Si Bushaib ya buɗe, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Wannan ƙazantar za a shafa wa toshina?"

Ka san mutanen Wazzan, garin su Si Bushaib, da man zaitun. Tari, mai. Sanƙo, mai. Ƙofa ta yi ƙara, mai. Na rantse da idona na ga Si Bushaib ya ɗiga wa rediyonsa don ya daina shaƙewa. Sai ga shi da jarkoki daga gonar babansa, ya cika rabin duro, ya tsoma ɗamarar robar, ya bar ta a rana ta yi ta jiƙa har ƙarshen mako.

Milud, direban injin ɗaga kaya, ya leƙa duron ya ce, "Si Bushaib, albasa fa? In kawo, ko sai ya fara tafasa?"

"Yi dariyarka, ɗan'uwa. Ranar da na hau kujera, kai za ka riƙa goge mini ita."

Ranar aiki Si Bushaib ya iso cikin baƙar kwat ta aurensa, maɓalli ɗaya ne ya yarda ya shiga, shi ma da addu'a. Aka ciro robar. Wallahi ta sha mai ta ƙoshi, ta kumbura ta yi suntum. Da ƙyar muka mayar da ita ƙugun toshin. Milud ya ɗaga, ya sauke a bakin rijiya, toshi ya zauna daram a sama kamar hula.

"Ƙara saukewa!"

"Na sauke, ranka ya daɗe. Robar ce ta ƙi. Ta yi ƙiba, gidan mai daɗi ta fito."

Si Bushaib ya ɗauko guduma. Ya buga, gudumar ta sulluɓe a kan mai ta tafi yawon buɗe ido cikin ciyawa. Ya hau kan toshin ya yi ta tsalle, takalminsa ya bi sawun guduma. Can sai ga ƙurar motar Lalla Gizlan daga nesa. Nan fa na ji tausayinsa, don gumi har ya jiƙa masa gashin baki. Amma mutumin naka bai san ja da baya ba. Ya ruga motarsa ya dawo da wuƙar layya.

Na ce, "Haba Si Bushaib, roba ce fa, ba rago ba."

"Kitse ne ya yi mata yawa. Rage shi zan yi."

Ya bi ta yana fiɗa, yana zagayawa, har ta rame. Manaja na fitowa daga mota toshi ya sulale cikin rijiya sumul, ko ƙara babu. Aka murɗa. Si Bushaib ya gyara kwat, ya tare ta da ƙafa ɗaya a safa.

"Lalla, barka da zuwa. An toshe. Yanzu ko aljanin gishiri bai isa ya yi atishawa ya fito ba."

"An gwada?"

"Gwaji na masu shakka ne, Lalla. Amma don ke, a buɗe!"

Ya taka har bakin rijiyar, ya durƙusa, ya kara kunne a bututun sama, ya ɗaga mana hannu. Muka buɗe famfon bututun, muka ja da baya, don mu muna da 'ya'ya.

"Kun ji? Shiru kamar..."

Bai ƙarasa ba. Ruwan gishirin da kogo ya daɗe yana matsewa ya sami hanya ta inda wuƙa ta bi. Ya taso ya ɗauke Injiniyan Fatar Baki, ya juya shi, ya wanke shi ciki da waje, ya zaunar da shi a taɓo. Kafin mu rufe famfon ya sha abin da zai ishi tukunyar biki.

Muka jingina shi da bango yana tari. Rana ta buɗe, iska ta kaɗa. Kan a jima baƙar kwat ta koma fara fat ta sandare, hannuwansa a buɗe sun ƙi lanƙwasuwa, gashin baki ya zama ƙanƙara. Sai ka ce naman layyar da matanmu ke baza wa gishiri su shanya a igiya.

Lalla Gizlan ta zagaya shi a hankali. Ta ƙwanƙwasa kafaɗarsa da yatsa, gishiri ya zubo. Shi kuwa, da ɗan abin da ya rage na murya, ya ce, "Lalla... maganar kujerar... surukaina sun riga sun sayi rago."

"Kujera kam ta wuce ka, Si Bushaib. Amma kada ka damu." Ta juya ga Milud. "Ku ɗauke shi a hankali ku ajiye a inuwa. Yadda ya sha gishirin nan, ko shekara goma zai yi yana jiran wata kujerar, ba zai lalace ba."