Rufin da Ke Jiran Baɗi

"...da gajiya, Angona? Kai, shagon ɗinki na shigo ko rijiya?"

Tela ya yi wuf ya cusa wani ƙunshi ƙarƙashin teburin yanka. Kakarsa ce a bakin ƙofa tana kakkaɓe lema. Ga bokiti a gefen keken ɗinki, ga roba a kan benci, har kwanon cin abincinsa an ɗora masa aikin tarar ɗigon rufi. Da ƙasa za ta tsage da ya shige, don abin da ya ɓoye turmin zanenta ne, na ƙarshe da marigayi kakansa ya saya mata. Ta ciro shi daga akwati ne ta ba shi ya ɗinka mata don ta sa ranar aurensa, shi Telan, ga shi ruwan tsatsa ya ɓata shi.

"Sanyi na tanadar miki, Amarya, kada ki narke," in ji shi.

"Narkewa ta wuce ni. Me ya hana ka kiran kafinta? Rowa?"

"Lissafi ne, ba na tsofaffi ba. Kuɗin gyaran shago ana cire shi daga riba kafin a yanka haraji. To, harajin zai tashi a sabuwar shekara. In na gyara bana, rangwamen kaɗan ne. In na bari sai baɗi, ya fi tsoka."

"Ka gaya wa hadarin ya jira baɗi?"

"Ke dai ba ki san boko ba."

"Na san wanda ya tafi neman gira ya rasa ido. Miji ke nan! Da na sani da na auri kafintan."

"Wa zai kwashe ki? Haƙori ɗaya kamar maɓalli."

"Shi ɗin ya ishe ni in tauna ka. Ina zanena?"

Tela ya kau da kai. Ya duba almakashi, ya duba zare, har agogon bango sai da ya duba.

"Yana... yana shan iska."

"A ƙarƙashin tebur?"

Ya durƙusa ya jawo shi, ya kasa ɗaga kai. Ta warware turmin a hankali. Jan tabo ya ratsa shi tun daga baki har tsakiya. Ta shafa wurin, ruwa na ta ɗis-ɗis a bokiti. Kunya ta rufe shi, ya gwammace ta zage shi.

"Kaka, ki yafe mini. Zan sayo miki wanda ya fi shi."

"Yau kuma ni ce Kaka? Ka sake ni ke nan?" Ta share ido da gefen mayafi. "Wanda ya sayo wannan ba ya zuwa kasuwa yanzu. Shi wannan za a cire maka daga ribar?"

"Ba a cirewa."

"To, ɗinka shi haka da tabonsa. Duk wanda ya tambaye ni a wurin biki, in ce adon ango ne, mai wayon haraji."

"Ki rufa mini asiri!"

"Kai ka fara rufa wa shagonka."

Tela ya zaro waya yana neman lambar kafinta. Sai ta fashe da dariya, ta buɗe lemarta ta kafa a kan keken.

"Riƙe wannan kafin ya iso. Kyauta ce, kada ka sa ta a lissafi."