Basha Waya-Ɗaya da Kuɗin Jan Mota

Allah Ya yi wa unguwar Shubra ta birnin Alkahira baiwar manyan mutane, amma duk cikinsu babu na biyun Fikri Abdul-Shafi, wanda duniya ta sani da Basha Waya-Ɗaya, basha kuwa laƙabin manya ne a can. Kada wani ya raina shi don ya ji an ce buga hatimi ne aikinsa a wani ofishin gwamnati kafin ya yi ritaya. Wane irin hatimi! Da bakinsa ya ce ba don shi ba, da rabin mutanen Alkahira har yau hukuma ba ta san an haife su ba. Ga gashin baki wuluk, albarkacin rini. Ga kwat a jiki ko ana zafin da kwalta ke narkewa. Ga carbi a hannu, wanda ba a cika ganin ya ja shi ba, sai dai ya nuna mutum da shi.

Laƙabin kuwa a shagon shayin Mu'allim Rizƙ ya samo shi. Duk wanda ya kawo kuka, ko an yanke masa wuta, ko ɗansa ya rasa gurbin karatu, sai Basha ya dafa aljihu ya ce, "Haba ɗan'uwa, wannan ai waya ɗaya ce. Janar wane tare muka yi wasan ƙasa." Ba a taɓa ganin wutar ta dawo ba, amma laifin janar-janar ɗin ne, da ba su da aiki sai tafiya Umara duk ranar da Basha ya neme su.

Yana da wani makami kuma da ya fi waya kaifi, wato rantsuwa da sakin matarsa. Baƙo ya ce ya ƙoshi, Basha zai ce, "In ba ka ƙara ba, matata ta saku." Direban tasi ya yi masa gardama, matarsa ta saku. An yi musu a kan wanda ya ci wasan domino, matarsa ta saku. Kowa sai ya sakar masa, ba don tsoronsa ba, don tausayin Awatif, Ummu Hisham, baiwar Allah da ke naɗe ganyen inabi da shinkafa tana sayar wa masu biki, tana ciyar da shi a gidan da ta gada wajen mahaifinta. Labarin kowace rantsuwa a bakin maƙwabta take jin sa, ta ce "To," ta ci gaba da naɗi. Basha kuwa ya ɗauka kwarjininsa ne ke aiki.

Sai wata rana da hantsi yana tuƙa tsohuwar Fiyat ɗinsa, ya hangi wata baƙar mota mai duhun gilashi tana wucewa. Zuciyarsa ta gaya masa babban mutum ne a ciki, kuma babban mutum ba a gaishe shi da hannu ɗaya. Ya saki sitiyari ya ɗaga duka biyun. Fiyat ta ga an ba ta 'yanci, ta nufi turken fitilar titi ta rungume shi. Baƙar mota ko birki ba ta taka ba. Basha ya fito lafiya lau, sai gashin baki da ya ɗan karkace. Kafin ya gama yi wa 'yan kallo bayanin cewa turken ne aka kafa ba bisa ƙa'ida ba, winshin 'yan sanda mai jan motoci ya iso, ya ɗaga hancin motar, ya ja ta zuwa filin ajiya a bayan gari.

Washegari ya isa filin a cikin kwat ɗin Idi. Ya tarar da wani kofur a gindin laima yana cin burodi da wake.

"Sannu da zuwa, basha," in ji kofur.

Fikri ya ji sanyi har ƙafa. Ashe an san shi a nan! Bai gama jin daɗin ba, kofur ya juya ya ce wa mai sharar filin, "Basha, kau da jarkar nan daga hanya." Sannan ya yi wa Fikri bayani yana tauna: akwai kuɗin jan mota, akwai kuɗin ajiya, na ajiyar kuma kullum ƙaruwa yake yi. Ya je tagar karɓar kuɗi ya biya, ya kwashe abarsa.

"Ka san da wa kake magana kuwa? Ni ne Fikri Abdul-Shafi! Hannun nan ya yi wa ƙasar nan hidimar da ubanka bai yi ba. Motata aka ɗauka ba da izinina ba, ni ya kamata a biya!"

"Allah Ya ƙara girma, basha. Taga tana can hannun hagu."

Da yamma shagon shayi ya cika, don kowa ya ji labari. Mu'allim Rizƙ ya ajiye masa shayi, ya ce cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, "Ka biya kawai, Abu Hisham. Kuɗin bai kai na cefanen mako ba. Ko kuwa janar ya tafi Umara ne?" Aka tuntsire da dariya. Nan fa Basha ya miƙe, ya buga tebur har domino suka watse.

"Ku shaida! In na biya su ko kirshi ɗaya daga kuɗina, matata ta saku saki uku! Da hannunsu za su kawo min ita ƙofar gida, su wanke ta, su ba ni haƙuri!"

Wannan karon babu wanda zai sakar masa, domin hukuma ba ta san Ummu Hisham ba balle ta tausaya mata.

Aka shiga buga waya. Janar na farko, ashe lambar wani mai wanki da guga ce. Na biyu ya rasu tun bara, matarsa ta yi wa Basha godiyar ta'aziyya. Na uku ya ɗauka, ya saurara, ya ce, "Wane Fikri?" Basha ya rufe wayar ya gaya wa jama'a cewa manya ba sa son a yi irin wannan magana a waya. Kwanaki suka yi ta tafiya, kuɗin ajiya na hawa. Wata kyanwa ta haihu a kujerar bayan motar. Basha, mutumin da ya ce bai taɓa shiga bas ba tun yana saurayi, aka fara ganinsa a maƙale a ƙofar bas, kwat na kaɗawa. Ya ce nazarin halin talakawa yake yi. Gaskiyar magana tsoro ya kama shi. In ya bar motar, za a yi gwanjonta, shagon shayi ya cinye shi da rai. In ya biya, ya rasa matar da ko ƙwai bai iya dafawa ba sai da ita.

Da abin ya ishe shi, sai ya je wajen limamin unguwa, Shaihu Abdul-Waris, bayan sallar azahar. Da ya tafi shi kaɗai, da an wuce wajen. Amma Basha ba ya zuwa ko'ina babu 'yan rakiya, sai ya ja Mu'allim Rizƙ da wasu 'yan shago. Liman, mutum mai sauƙin kai, ya buɗe masa ƙofa wangale.

"Abu Hisham, in barazana ce kawai ka yi, ba saki ka nufa a zuciyarka ba, ai kaffara ce. Ka ciyar da miskinai, ka je ka karɓo motarka. Barazana ce, ko ba haka ba?"

Liman har da ƙifta masa ido. Basha ya dubi 'yan rakiya, ya ga sun zuba masa ido, sai ya gyara kwat.

"Barazana? Ni? Allah gafarta Malam, Fikri Abdul-Shafi bai taɓa faɗin abin da bai nufa ba. Saki na ce, saki nake nufi!"

Liman ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce to, abin da ya rage ɗaya ne: kada kuɗin ya zama nasa. In wani ya biya da dukiyarsa, don kansa, rantsuwa na nan daram, aure na nan daram. Da jin haka 'yan rakiya suka tuna suna da uzuri. Rizƙ ya ce ya bar ruwa a wuta.

Basha bai damu ba, don ya san inda zai dosa. Ya hau bene yana murmushi. Ya tarar da Awatif a falo da maƙwabta mata sun kewaye tire suna naɗin ganyen inabi. Ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga carbi.

"Ummu Hisham, na yi shawara da malamai. Saboda girman zaman da muka yi, na yarda na ba ki damar ceton aurenki. Ki ɗebo daga kuɗin sana'arki ki je ki biya su. Ba sai kin gode min a gaban mutane ba."

Awatif ta dube shi tun daga rinin har takalmi. Ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki. Basha ya kashe wa matan ido, wato ku ga yadda ake riƙe gida. Ta fito da kuɗi a ƙulle cikin hankici, ta kamo hannunsa na dama, hannun hatimi, ta danƙa masa, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ku shaida, 'yan'uwa," in ji ta, "wannan kuɗin na ba Abu Hisham kyauta, halak malak. Daga yanzu nasa ne, ba nawa ba."

Murmushin ya tsaya masa a rabin fuska. "A'a, Awatif, ba ki gane ba. In ya zama nawa kuma na biya, ai..."

"Na gane sarai. Shekara da shekaru kana sakina a kan kofin shayi, mutane suna mayar da ni ban roƙe su ba. Yau dai Allah Ya kawo waɗanda ba sa sakar maka."

Ta sa hannu a aljihun riga ta ƙara masa 'yan canji a tafi.

"Ga wannan ka hau tasi. Da la'asar suke rufe taga, kada bas ta makarar da kai."